Ashar mai mayafi: daga ina ta fito, kuma me take ɗauke da shi?

Kwanakin baya ɗan ƙanwata, yaron da bai wuce shekara 9 ba, ya same ni da wata tambaya da ban taɓa tanadar mata amsa ba. Ya ji wani babban mutum ya yi tuntuɓe, zafi ya ratsa shi, ya ce "buhun uba!", sai yaron ya riƙe maganar a ransa har ya zo wurina ya ce, "Kawu, wane irin buhu ne wannan, kuma me aka zuba a cikinsa?" Na yi shiru na ɗan lokaci, domin amsar gaskiya ita ce babu wani buhu, balle a zuba wani abu a cikinsa. An ajiye kalmar ne a gurbin wata da suke farawa da sauti ɗaya, wadda mai mutunci ba ya son ta fito daga bakinsa, musamman a gaban yaro. Na ce masa magana ce da wasu manya kan yi idan abu ya ba su haushi ko mamaki, kuma ba ta dace da bakinsa ba. Ya karɓi amsar ya koma wasansa, amma ni tambayar ba ta sake ni ba, saboda na lura na hana shi faɗin kalmar da a zahirinta babu wani aibi a tare da ita.

Duk lokacin da aka tayar da wannan zance, mutane kan rabu gida biyu. Akwai masu cewa ashar da aka sakaya da wadda aka fito da ita fili Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, tunda mai faɗa ya san abin da yake nufi, mai ji ma ya sani, saboda haka sakayawar yaudarar kai ce kawai, ko ma wani nau'i na munafunci. Akwai kuma masu cewa buhu dai buhu ne, babu laifi a ambatonsa, don haka a bar mutane su sarara. Ban yarda da ko ɗaya daga cikin ɓangarorin nan baki ɗaya ba. Abin da na gamsu da shi shi ne, sakaya ashar ɗabi'a ce ta kirki da ta cancanci a kare ta, domin shaida ce cewa kunya tana da sauran rai a cikin mai magana ko a lokacin da ya fi kusa da sakin linzamin harshensa. Sai dai mayafin kalma yake rufewa kawai, ba ya kai wa ga nufi, kuma da zarar an auna wani mutum da maganar, mayafin ya tashi daga aiki.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a dubi yadda ake ƙera waɗannan kalmomi, domin asalinsu yana cikin ƙirarsu. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a bar gaɓar farko yadda take, a karkatar da sauran zuwa wata kalma mai tsabta. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ƙofa ta taɓa datse wa yatsa: ashar tana riga tunani fitowa. Leɓɓa sun riga sun haɗe, sautin farko ya riga ya kuɓuce, sannan hankali ya farga cewa akwai suruki ko malami ko ƙananan yara a wurin, sai ya yi sauri ya ja akalar harshe zuwa kalma mafi kusa da ta fara da wannan sautin. Ta haka buhu ya tsinci kansa a cikin maganar da babu ruwansa da ita. Hanya ta biyu ita ce a datse maganar kafin ta kai wurin da take da muni, kamar yadda kunne ke ji a "kambu!", inda guntun da ya rage ya yi dace da sunan layar da ake ɗaurawa a damtse, sai ya zama kamar kalma mai zaman kanta. A "kan bala'i" kuwa an bar farkon maganar a tsaye, an cire uba, an sa musiba a wurinsa.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina a cikinsu ita ce "bantan uba", domin a nan ba sauti kaɗai aka ara ba. Bante shi ne tufar da ke rufe ainihin abin da ake gudun ambata, ke nan wanda ya fara faɗin haka ya suturta kalmar da irin suturar da ake yi wa jiki. Duk wanda ya yi wannan dabara, ko da gangan ko bisa dace, ya nuna ya fahimci cewa kalma ma tana da tsiraici, kuma akwai wurin da ba ta fita sai da tufa. Akwai kuma hanyar faɗaɗawa, inda maimakon a ambaci uwa ko uba kai tsaye sai a ce "gidanku", a bar mai sauraro ya gane da kansa su wa ke cikin gidan. Wannan ta bambanta da sauran ta wata fuska mai muhimmanci, kuma zan dawo kanta.

Ba Hausa kaɗai ke yin haka ba, kuma kamannin da ke tsakanin harsuna a wannan fage ya isa ya nuna cewa abin daga halittar ɗan Adam yake. Bafaranshe da ya fara furta kalmar ƙazanta da ke farawa da "mer" yakan lanƙwasa ta ya ƙarasa da "mercredi", wato Laraba, mai jin Sifaniyanci kuma yakan yi daidai wannan dabara ya ce "miércoles", ita ma Laraba. Babu abin da ranar Laraba ta yi wa kowa. Sautin farkonta ne ya jawo mata, kamar yadda ya jawo wa buhu.

A Turai kuwa, asalin yawancin waɗannan kalmomi ba batsa ba ce, rantsuwa ce da sunan Ubangiji. Wannan ne ma ya sa a Ingilishi kalma ɗaya ce ke ɗauke da rantsuwa da ashar, alhali Bahaushe ya raba su: rantsuwa daban, ashar daban, zagi da tsinuwa su ma daban. A ƙarnonin baya, mafi munin abin da Baturen Ingila zai furta shi ne ya rantse da jini ko raunukan da aƙidarsa ta Kirista take jinginawa ga Ubangiji, domin ana ganin wannan keta alfarma ce kai tsaye. Don haka tun a ƙarshen ƙarni na 16 aka fara cire sunan Ubangiji daga farkon maganar, "God's wounds" ta koma "zounds". A shekarar 1606, zamanin Sarki James na Ɗaya, majalisar dokokin Ingila ta kafa dokar da ta ɗora tarar fam 10 a kan duk ɗan wasan kwaikwayon da ya ambaci sunan Ubangiji da wasa a dandamali, rabin kuɗin na sarki, rabi na wanda ya kai ƙara. Daga baya dokar da aka sani da ta 1745 ta tsara tarar ashar gwargwadon matsayin mutum: lebura da ƙaramin soja da ƙaramin ma'aikacin jirgin ruwa sule 1, matsakaicin mutum sule 2, mai babban matsayi kuma sule 5, kuma ba a soke ta ba sai a 1967. A cikin wannan ƙarni na 18 ne aka fara ganin "gosh" a madadin sunan Ubangiji da "darn" a madadin kalmar tsinuwa a rubuce, sannan "heck" ta biyo baya a ƙarni na 19 a gurbin sunan wuta.

Faransawa su ma sun bi wannan hanya, sai dai su launi suka samu. Sunan Ubangiji a harshensu, "Dieu", yana ƙarewa da sauti irin na "bleu", wato shuɗi, sai "par Dieu" ta zama "parbleu", aka kuma samu "morbleu" da "sacrebleu". Ana ba da labarin cewa Sarki Henri na Huɗu, wanda ya mulki Faransa daga 1589 zuwa 1610, ya saba da wata ashar mai ma'anar "na yi inkarin Ubangiji", sai malamin addininsa mai suna Coton ya roƙe shi ya riƙa sa sunansa a wurin, ya yi inkarinsa shi maimakon Mahaliccinsa, daga nan aka samu "jarnicoton". Ko labarin ya faru daidai haka ko an ƙawata shi, yana nuna tunanin da ke bayan abin: malamin bai yi zaton zai iya cire fushi daga zuciyar sarki ba, abin da ya nema shi ne ya sauya wurin da fushin ke sauka.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, doka ba ita ta haifi sakayawa ba, kuma ba ta iya kashe ashar ba. "Zounds" ta girmi dokar 1606, kuma da tara tana hana ashar da ba a yi ta sabunta dokar ƙarni bayan ƙarni ba. Abin da ya yi aiki shi ne wani abu da ke cikin mutane, tsoron abin da suke girmamawa da nauyin waɗanda suke tare da su.

A nan dole in tsaya in raba rantsuwa da ashar, domin hukuncinsu a wurin sakayawa ba ɗaya ba ne. Musanya sunan abin bauta da wani abu a rantsuwa tsohuwar dabara ce. An san masanin falsafar nan na Girka, Sokratis, da rantsuwa da kare. Amma addinan da suka ɗauki rantsuwa da nauyi ba su ga wannan a matsayin mafita ba. A Linjilar Matta, sura ta 5, an hana rantsuwa da sama ko da ƙasa ko da kai, an ce i ta zama i, a'a ta zama a'a, a sura ta 23 kuma an soki masu ganin cewa rantsuwa da wani abu a madadin wani tana sauke musu nauyi. A Musulunci abin ya fi haka fitowa fili, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana rantsuwa da iyaye, ya ce wanda zai rantse ya rantse da Allah ko ya yi shiru. Ke nan Musulmin da ya ce zai kauce wa ambaton sunan Allah ta hanyar rantsuwa da wani abin halitta ya gudu daga ƙaramin rami ya faɗa babba. Maganin yawan rantsuwa rage ta ne, ba sauya mata riga ba. Ita kuwa rantsuwar da ke fita a kan harshe ba da ƙudurin zuciya ba, Alƙur'ani ya ambace ta a Baƙara aya ta 225 da Ma'ida aya ta 89, ya ce Allah ba ya kama mutane da ita, kuma Nana A'isha ta fassara ta da irin faɗin mutum "a'a wallahi, i wallahi" a cikin zancensa na yau da kullum. Wannan ya nuna mana wani abu da zai yi amfani a gaba: akwai kalmar da ke fita ba tare da nufi ba, kuma ba a auna ta da mudun wadda aka ƙudurta.

Masu kiran sakayawa munafunci sun manta cewa rufe abin kunya da kalma mai tsabta shi ne ginshiƙin ladabin magana a ko'ina. Alƙur'ani da kansa, da zai yi maganar biyan buƙata, ya ambaci "ga'iɗ", wanda asalinsa kwari ne, wuri mai gangare da mutum ke zuwa ya ɓuya, kamar yadda mu ma muke cewa bayan gida ko kewayawa. Ba wanda ya taɓa cewa mai faɗin "zan kewaya" munafuki ne don kowa ya san abin da zai je yi. Sanin da mai ji ya yi ba ya soke darajar rufewar, domin ba don a ɓoye masa labari aka rufe ba, don a girmama kunnensa ne. Larabawa ma suna da "wailaka", kalmar halaka, suna kuma da "waihaka" mai kusan sauti ɗaya da ita, wadda ake faɗi cikin tausayi ko tsawatarwa mai sauƙi.

Akwai kuma hujjar da ta fito daga binciken masana, wadda a ganina ta fi komai ƙarfafa matsayina. Tun a 1861 likitan nan Paul Broca na birnin Faris ya ba da bayanin wani majinyaci da cutar ƙwaƙwalwa ta raba shi da magana, ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, "tan", amma idan ransa ya ɓaci sai ashar cikakkiya ta fito daga bakinsa. Wannan da ire-irensa ya sa masana suka fahimci cewa ashar ba ta bin hanyar da sauran magana ke bi a ƙwaƙwalwa baki ɗaya, ta fi kusa da ihu da ƙara. A 2009 Richard Stephens da abokan aikinsa a Jami'ar Keele ta Ingila suka sa mutane tsoma hannu a ruwan ƙanƙara, suka gano cewa masu maimaita ashar sun fi daɗewa suna jure zafin a kan lokacin da suke maimaita kalma ta yau da kullum. A 2020 aka sake gwajin da wasu ƙirƙirarrun kalmomi masu kama da ashar, sai aka ga ba su rage zafin ba. A 2011 kuma wasu masana biyu a Jami'ar Bristol sun auna yadda fatar jiki ke amsawa idan mutum ya karanta kalma da ƙarfi, suka tarar cewa jiki ya fi girgiza da ashar tsirara a kan sakayayyarta, duk da cewa ma'anarsu ɗaya ce kuma mai karantawa ya sani.

Wannan sakamako na ƙarshe ya rushe maganar cewa duk ɗaya ne. Jikin mutum da kansa ya san ba ɗaya ba ne. Idan kuma aka haɗa shi da gwajin ruwan ƙanƙara, sai a ga wani abu da ba a cika lura da shi ba, wato mai sakaya ashar akwai abin da yake sarayarwa. Da ya saki kalmar yadda take, da wataƙila ya fi samun sauƙi a ransa, amma ya zaɓi ya haɗiye wani kaso na zafinsa don kada ya zuba ƙazanta a kunnen wanda ke kusa da shi. Mutumin da ya yi tuntuɓe a gaban ɗan ƙanwata, a cikin ƙiftawar ido, yatsansa na zafi, ya tuna cewa ba shi kaɗai ba ne a wurin. Ban ga yadda za a kira wannan munafunci ba. Munafuki yana ɓoye abu ne don amfanin kansa, wannan kuwa ya rufe ne don amfanin wani, kuma shi ya ɗauki asarar.

Har sautin da ake zaɓa ma yana da tsari. Wani bincike da Shiri Lev-Ari da Ryan McKay na kwalejin Royal Holloway ta Jami'ar Landan suka wallafa a 2022 ya nuna cewa a harsuna da dama kalmomin ashar ba su cika ɗauke da sautuka masu taushi irin su l da r da w da y ba, kuma idan masu jin Ingilishi suka sakaya ashar sukan shigo da irin waɗannan sautuka, kamar yadda r ta shiga cikin "darn". Harshe yana neman abin da zai dakushe kaifin kalmar ko da mai shi bai san yana yi ba.

To amma a nan kariyar da nake yi ta tsaya, kuma a nan zan koma kan "gidanku". Duk misalan da na kare a baya furuci ne na zafi ko mamaki da ba a jefi kowa da shi ba. Mutumin da ya yi tuntuɓe da dutse yake faɗa, dutse kuwa ba shi da uwa ba shi da uba. "Gidanku" tana ɗauke da wanda aka nufa a cikin jikinta, ba ta faɗuwa sai akwai wani a gabanka. Na san uwa kan faɗa wa ɗanta ita cikin wasa, kaka kan faɗa wa jika, abokai kan faɗa wa juna suna dariya, kuma a irin waɗannan wurare dangantaka ta riga ta zare mata dafi. Amma idan aka faɗe ta ga baƙo cikin fushi, babu abin da faɗaɗawar ta rage, domin iyayensa aka taɓa, ya kuma ji an taɓa su, kuma abin da zai mayar ba lallai ya zo da mayafi ba. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce yana daga cikin manyan zunubai mutum ya zagi iyayensa, da aka tambaya ta yaya mutum zai yi haka, sai aka amsa cewa zai zagi uban wani sai a zagi ubansa, ya zagi uwar wani sai a zagi uwarsa. Illar da hadisin ya nuna tana cikin abin da zagin ke jawowa, kuma sakayayyen zagi yana jawo shi daidai yadda tsirararsa ke yi.

Alƙur'ani ya kawo misalin da ya fi wannan tsanani. A Baƙara aya ta 104 an hana muminai cewa "ra'ina", aka umarce su da su ce "unzurna", saboda wasu sun mayar da kalmar farko, wadda a zahirinta neman kulawa ce, hanyar cusa izgili ta hanyar karkatar da harsunansu, kamar yadda aya ta 46 a Suratun Nisa'i ta bayyana. A nan kalma mai tsabta ce aka mayar kube aka ɓoye wuƙa a ciki. Wannan kishiyar abin da nake karewa ne, ko da yake a ido sun yi kama.

Zamanin intanet ya haifar da irin wannan da yawa, kuma ina ganin ya kamata mu riƙa bambanta su. A ƙasar Sin, wajen 2009, masu amfani da intanet sun yayata sunan wata dabba da suka kira "dokin ciyawa da laka", domin a harshensu sautin sunan ya yi kama da zagin uwa, sai na'urar tace kalmomi ta rasa yadda za ta yi da shi. Su da hukuma suke ja-in-ja, wannan wani zance ne daban. Amma dabarar ta bazu ko'ina, yanzu za ka ga mutum ya rubuta wa wani ashar a Facebook ko TikTok ya cire harafi ɗaya ya sa tauraro ko lamba a wurinsa. Wannan mayafi ba don kunyar mai karatu aka yi shi ba, don a wuce mai gadi ne, kuma marubucin yana so kowane harafin da ya ɓoye ya isa zuciyar wanda ya rubuta wa. Ga shi kuma rubutu ba tuntuɓe ba ne. Mai magana yana da uzurin cewa sauti ya riga shi fita, mai rubutu kuwa ya zauna ya danna haruffa ɗaya bayan ɗaya, ya duba, sannan ya aika.

Akwai wata tambaya da ke saura: idan kalma ta daɗe har mutane sun manta asalinta, shin za a ci gaba da tuhumarta da laifin kakanta? A ganina a'a. Yawancin masu cewa "gosh" a yau ba sa jin suna ambaton Ubangiji, yawancin yaran da ke cewa "kambu" ba su san akwai wata magana da aka datse ba. Larabawa na cewa "taribat yadaka", wadda a lafazinta addu'ar talauci ce, hannuwanka su manne da turɓaya, amma ta zo a hadisi, kuma malamai sun bayyana cewa magana ce da ke gudana a harshensu ba tare da nufin ma'anarta ta asali ba. Ma'anar kalma tana wurin da masu amfani da ita suka ajiye ta a yau. Wani lokaci kuma akasin haka ke faruwa, mayafin ya daɗe a jikin ƙazanta har shi ma ya ɗauki wari, sai a nemo masa wani mayafin. Wannan ya sa babu wanda zai iya rubuta jerin kalmomin da suka halatta da waɗanda suka haramta ya ce ya gama aiki, domin jerin zai tsufa kafin tawadarsa ta bushe.

Saboda haka ba na goyon bayan malamin makaranta ko uban da zai hukunta yaro a kan "kan bala'i" daidai da yadda zai hukunta shi a kan ashar tsirara. Yin haka yana koya wa yaron cewa ƙoƙarin da ya yi na kame bakinsa bai da wata daraja, kuma yaron da ya gane cewa bulalar ɗaya ce ko ya rufe ko bai rufe ba, to ba zai ƙara wahalar da kansa da rufewa ba. Haka kuma ba na goyon bayan mai gabatar da shiri a rediyo ko talabijin da zai riƙa jifan mutane da sakayayyen zagi yana fakewa da cewa bai furta kalmar da aka hana ba. Tambayar da ya kamata uba da malami da edita su riƙa yi ita ce, wa aka nufa da maganar, kuma don wa aka rufe ta. Mafi kyau dai, babu shakka, shi ne harshen da ya saba da salati ko istigfari ko "innalillahi" a lokacin firgita, ta yadda abin da zai riga tunani fitowa ma alheri ne, kuma na san mutanen da suka horar da kansu har suka kai haka. Wani gwajin da Stephens ya sake yi a 2011 ma ya nuna cewa masu yawan ashar a kullum ba sa samun sauƙin zafi da ita kamar waɗanda ba su saba ba, ke nan ko ta fuskar amfaninta yawaita ta asara ce. Amma tsakanin wannan matsayi da sakin baki akwai tazara mai faɗi, a cikinta mafi yawan mutane suke, kuma wanda ya taka mataki ɗaya zuwa sama bai cancanci a ce masa bai motsa ba.

Bayan kwana biyu na kira ɗan ƙanwata na gyara amsar da na ba shi. Na ce masa buhun yana rufe wata kalma ce mara kyau, kuma mutumin da ya ji ya faɗe shi ya rufe ta ne saboda ya ga yaro a wurin, wato saboda shi. Na ce masa har yanzu ba na son in ji ta a bakinsa, kuma abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne ya jefi wani da ita ko da irinta, ko a wasa, sai ya girma ya san wanda ke tsakaninsa da shi ya kai a yi masa irin wannan wasa. Ya tambaye ni ko zan faɗa masa kalmar da aka rufe, na ce a'a. Ya yi ɗan tunani ya ce, "To Kawu, kai ma ka rufe ta ke nan." Na ce masa haka ne.